Yadda Za Ka Samu Lambar Aiki a Amurka Ko Da Sunanka Ɗaya Tak

Barka da sauka, ɗan'uwa. Na ga har yanzu kana ɗaga kai kana ƙirga hawan benaye, kuma jakarka tana ƙamshin busasshen kifin da mahaifiyarka ta cusa tsakanin riguna. To, sauke kan, akwai aiki a gabanka. A ƙasar nan gwamnati tana ba duk mai son yin aiki wata lamba mai alƙaluma tara, kuma kafin ta shigo hannunka kai ba ma'aikaci ba ne, baƙo ne mai cin abinci. An ce baƙo raɓa ne, amma raɓar da ta kai azahar ba ta bushe ba, masu gida sukan fara kallon ta.

Ni Tukijo, shekarata ashirin da shida a kudancin Filadelfiya. Na raka mutanenmu na tsibirin Jawa fiye da arba'in zuwa ofishin lambar nan, kuma babu wanda ya mutu a layi. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan bi da bi, lambar za ta zo maka har gida. Zan riƙa yi maka misali da Wagiman, domin a cikin ɗalibaina shi ya fi kowa iya kuskure. Na nemi izininsa kafin in rubuta, ya yi murmushi, na ɗauka ya yarda.

Mataki na 1: Ka samu aikin da ba za a bar ka ka fara ba

Kada ka nemi lamba alhali ba abin da ke korar ka. Mutumin da ba shi da wa'adi a kansa ba ya tashi da wuri.

Wagiman ɗan wani ƙauye ne a duwatsun Wonogiri, shekararsa talatin da huɗu, cacar biza ce ta faɗo kansa. Ya sauka a hawa na uku na gidan Bu Ngatiyem, tsohuwar da kowane sabon zuwa yake fara kwana a ƙarƙashin rufinta, wadda kuma take sayar da abinci a falonta ranar Asabar. A mako na biyu ya samu aiki a wani katafaren wurin wanki, inda ake wanke zannuwan gadon asibitoci da otal-otal. Shugabar ma'aikatan wurin, Misis Odessa, ta dubi tafin hannunsa ta gyaɗa kai.

"Wannan hannun ya san aiki. Ina lambarka?"

Wagiman ya karanto mata lambar wayarsa a tsanake, har da maimaitawa.

"Ba wannan ba, ɗana, ta gwamnati," in ji ta. "Saurara. Zan riƙe maka gurbin nan zuwa Litinin ta farkon wata, mako uku ke nan. In ka zo da lamba, ga inji can yana jiran ka. In ba ka zo da ita ba, mutum goma sha ɗaya ne a bayanka, kuma ba ni da bakin da zan sake ce musu su jira."

Za ka haɗu da masana da za su gaya maka cewa doka ba ta hana ka fara aiki kana jiran kati ba. Wataƙila gaskiyarsu ne. Ka shiga ka karanta wa Misis Odessa dokar, ni zan jira ka a waje.

Mataki na 2: Ka nemi shawarar kowa, ka bi tawa

Ranar Asabar ka sauko falon Bu Ngatiyem, ka sayi shinkafa da soyayyen tempe, wato curin waken suya irin namu, ka ce gobe ko jibi za ka ofishin lamba. Ba sai ka yi tambaya ba, shawara za ta same ka har inda kake zaune.

Pak Ngadimin, wanda yake tuƙa motar haya, kuma ya fi kowa iya lissafin ranaku, ya ajiye cokali ya tambayi Wagiman ranar haihuwarsa.

"Ai ga ta nan a sunana, Pak. Ran kasuwar Wage aka haife ni, babana bai wahalar da kansa ba."

Pak Ngadimin ya lanƙwasa yatsu yana motsa baki. "To, ban da Talata. Talatar nan ta yi karo da ranarka, ko ka je kwamfutarsu za ta tsaya. Ka bari sai Laraba."

"Wace Laraba kuma?" in ji Mas Gunadi, mai naɗa shinkafa da ɗanyen kifi a kantin Japanawa, wanda bakinsa ya fi wuƙarsa kaifi. "Ni ranar Talata na je, kwana shida katina ya zo. Kai dai ka sa riga mai kwala, ka aske wannan gashin bakin, don yanzu kama kake da wanda ya zo sayar musu da akuya."

Wata ta ce ya je da asuba. Wani ya ce duk wanda ya je da asuba ma'aikatan ba su sha kofi ba tukuna, a kansa za su huce. Wagiman ya ce wa kowannensu eh.

Ni kuwa shawarata ɗaya ce, kuma ita nake ba ka: duk abin da aka tambaye ka a ofis, ka yi murmushi ka amsa da eh. Gaskiya koya wa mutumin Jawa wannan kamar koya wa agwagwa iyo ne, amma dole gwani ya faɗi wani abu.

Mataki na 3: Ka san sunanka kafin a gaya maka shi

Ranar Laraba muka je. Ka zari 'yar takardar layi a bakin ƙofa, ka zauna, kada ka kalli mai gadi da yawa, kada kuma ka ƙi kallon sa gaba ɗaya. Bayan awa biyu aka kira lambarmu, muka tsaya gaban wata mata mai tabarau a bayan gilashi. Wagiman ya tura mata fasfo da hannu biyu, ni kuma na tsaya gefe a matsayin tafinta.

Ta duba fasfo, ta duba kwamfuta, ta karanto da ƙarfi. "Sunan dangi, Wagiman. Sunan farko, F, N, U. Funu ake cewa?"

Wagiman ya waiwaya don ya ga wanda ake yi wa magana. Ba kowa a bayansa sai wata tsohuwa mai sanda.

Ga abin da ya faru, ka buɗe kunne. Takardun ƙasar nan gida biyu suke da shi na suna, kuma ba a barin ɗaya a buɗe. Idan ka zo da suna ɗaya tak, kamar yadda iyayenmu suka ga ya ishi mutum, sai a tura sunan naka gida na biyu, inda ake sa sunan dangi. Gidan farko kuma a cike shi da haruffan nan uku, waɗanda a harshensu suke nufin ba a san sunan farko ba. Haruffan suna nan a bizar Wagiman tun daga gida. Ya gan su sau ɗari, ya ɗauka lambar kujerar jirgi ce.

"Haka yake, Mista Wagiman?" in ji matar.

Wagiman ya yi murmushi. "Eh."

A wurinmu eh iri uku ce. Akwai ta na yarda, akwai ta na ji abin da kika ce, akwai kuma ta Allah ya isa. Tasa ta ukun ce, amma kwamfutar matar gida ɗaya take da shi.

Ta ci gaba. "Sunan mahaifiya?"

"Painem."

"Sunan gidansu kafin ta yi aure?"

Na fassara masa. Ya ɗan yi tunani ya ce, "Gidan da ke bayan injin casar shinkafa."

Na fassara mata iya ƙoƙarina. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar.

"Mahaifi fa?"

"Sarkam."

"Sarkam wa?"

"Sarkam marigayi."

Matar ba ta da mugun hali, wannan zan faɗa ko a gaban alƙali. Da Wagiman ya tattaro ƙarfin hali ya raɗa mini cewa in tambaye ta ko za a cire haruffan, sai ta yi mana bayani a hankali. Katin dole ya bi takardar shigowa harafi da harafi. In yana son gyara, sai ya fara gyara waccan a wani ofishi dabam, abin da kan ɗauki watanni, sannan ya dawo. Shi kuwa kwana goma sha biyu ne a hannunsa. Ta nuna masa inda zai sa hannu, ta ce kati zai zo a wasiƙa cikin mako biyu.

A bas, da muka kusa sauka, sai ya kira ni. "Pak," in ji shi, yana kallon taga, "babana bai bar mini gona ba, bai bar mini saniya ba. Sunan nan ne kawai ya ba ni da bakinsa. Yanzu kuma an rubuta wai ba a san shi ba."

Na ji tausayinsa har cikin raina. Na ce masa ya duba, an buɗe sabon kantin takalma.

Mataki na 4: Ka riƙe sirrinka

Duk abin da ya faru a ofis, ka bar shi a ofis. Kada ka gaya wa kowa, musamman wanda ya raka ka.

Ni dai Bu Ngatiyem kaɗai na gaya wa, kuma a hankali na faɗa. Ba laifina ba ne da ya kasance ranar Asabar ce, mutum tara suna zaune a falon.

Wagiman yana saukowa daga bene Mas Gunadi ya miƙe ya rusuna. "A gyara wa Mas Funu wuri! Funu, miƙo mini barkonon can, don Allah."

"Bar shi mana," in ji Pak Ngadimin, yana danne dariya. "Mutumin babban gida ne. An ce danginsu sun fi kowa yawa a ƙasar nan. Na ɗauki Funu ɗan Afganistan a motata, na ɗauki Funu ɗan Indiya, shekaranjiya ma wani Funu ɗan ƙasar Bama ya manta lema a kujerar baya. Ko za ka kai masa, tunda ɗan'uwanka ne?"

"Ranar Sallah gidan wa kuke haɗuwa?" in ji Gunadi. "Ko filin ƙwallo kuke kamawa?"

Wagiman ya yi dariya tare da su, ya miƙa barkonon, ya cinye abincinsa tas, don ba a tashi a bar shinkafa saboda fushi. Amma kunnuwansa sun yi ja, kuma a kan matakala ya tsaya ya ce wa Bu Ngatiyem, da muryar da ba ta taɓa jin sa da ita ba, "Bu, ku shaida. Ko sama da ƙasa za su haɗe, ba zan taɓa amsa wannan sunan ba."

Ta ce masa ya kula da mataki na huɗu, yana motsi.

Mataki na 5: Ka jira wasiƙa, ka kuma iya bakinka

Yanzu aikinka zama ne a dakalin ƙofar gida daga ƙarfe goma sha ɗaya zuwa sha biyu, kana gaishe da duk wanda ya wuce. Kafin nan ka tabbata ka rubuta sunanka a jikin akwatin wasiƙu. Wannan shawarar na manta ban ba Wagiman ba, shi ya sa kai nake ba ka ita kyauta.

Mai kawo wasiƙun layinmu, Mista Alvin, ya shekara goma sha biyar yana zagaya unguwar. Ya san gidan Bu Ngatiyem gidan shiga da fita ne, yau wannan ya sauka, gobe wancan ya koma wata jiha. Saboda haka ba ya jefa ambulan ɗin gwamnati a akwatin sai ya ga suna a jiki, ko mai shi ya amsa da bakinsa.

Mako guda ya wuce ba komai sai tallan kanti. Na biyu ya shiga. Wagiman ya fara ramewa, har ya daina ƙara shinkafa. Ranar Alhamis, saura kwana huɗu wa'adin Misis Odessa ya cika, yana zaune a dakali sai Gunadi ya zo wucewa a mota, ya sauke gilashi ya ƙwala masa "Funu!" a gaban matan layi uku da suke dawowa daga kasuwa. Ɗaya daga cikinsu ta rufe baki da hannu.

Ko minti biyar ba a yi ba sai ga Mista Alvin da jakarsa. Ya zaro wani farin ambulan, ya nisanta shi da idonsa, ya matso da shi.

"Wannan sabon suna ne. Akwai wani Funu a gidan nan?"

Shekara talatin da huɗu Wagiman bai taɓa ce wa babba a'a ba. Bai ce wa malaminsa ba, bai ce wa mai gonar da ya yi wa ƙwadago ba, bai ce wa matar bayan gilashi ba. Ranar ya miƙe tsaye, ya dubi Mista Alvin ido cikin ido, ya faɗi kalmar da ya fi iyawa a harshensu, wadda bai taɓa amfani da ita ba.

"A'a. Babu."

Mista Alvin ya ɗaga kafaɗa, ya yi ɗan rubutu a bayan ambulan ɗin, ya sa shi a aljihun jakar da ake sa masu komawa, ya yi gaba.

Wagiman ya koma ya zauna. Daga baya ya gaya mini cewa tun da ya zo ƙasar nan bai taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba, ƙirjinsa wasai, kamar ya sauke buhu. Daɗin ya kai minti biyu. Sannan ya tambayi kansa wane ne a duk faɗin Amurka zai rubuto wa Funu wasiƙa a wannan gidan, sai ya gane katinsa ne ya kora da bakinsa. Magana zarar bunu ce, kuma Mista Alvin ya riga ya sha kwana.

Mataki na 6: Ka samu tsohuwa mai kunne

Bu Ngatiyem tana bakin taga tana ɓare tafarnuwa, komai a kunnenta. Ta ajiye tafarnuwar. Ta zura silifas, ta fito ta wuce shi, ta bi bayan Mista Alvin da shekarunta sittin da takwas. A layi na biyu ta kamo shi.

Ta dawo tana haki, ta zauna a dakalin. "Zai riƙe shi zuwa gobe, albarkacin soyayyen abin da yake ci a gidan nan duk Asabar. Amma ya ce sai ya ga sunan a jikin akwati, kuma sai ka faɗa da bakinka cewa kai ne. In ba haka ba gobe da yamma ya koma inda ya fito, sabo kuma sai bayan makonni."

Wagiman ya sunkuyar da kai. "Bu, ku yi haƙuri. Na wahalar da ku. Amma na rantse a gabanku. Gara aikin ya tafi."

Na buɗe baki zan ba da shawarar ƙwararru, ta dube ni, na rufe.

"To," in ji ta. Ta shiga ciki ta jiƙa shinkafa.

Mataki na 7: Kada ka karɓi suna a bushe

Ranar Juma'a da hantsi ta aika aka kira mu. Ni, da Pak Ngadimin, da Gunadi wanda ta ce ko yana tsakiyar yanka kifi ne ya ajiye ya zo, da wasu maƙwabta. A kan tabarmar falo ta jera ƙananan kwanoni na kunun shinkafa mai kauri, rabi fari da madarar kwakwa, rabi ja da mazarƙwaila. Duk wanda ya shigo ya gani ya san na mene ne, sai ya nemi wuri ya zauna. Wagiman ya sauko ya gani, ya tsaya turus a bakin ƙofa.

"Bu, wa aka haifa?"

"Zauna, ɗan nan. Ba a ba mutum suna a bushe. An yi maka suna ba kunu ba addu'a, shi ya sa ya tsaya maka a maƙoshi."

"Ni ina da sunana, Bu."

"Na sani. Wa ya ba ka?"

"Babana, Sarkam."

"Shi kuma ubansa?"

"Wongso."

"Uban Wongso fa?"

Wagiman ya sosa ƙeya. Ya dubi silin.

Ta juya kan Gunadi. "Kai mai baki, sunan kakan babanka?"

"Wallahi Bu, ko hotonsa ban taɓa gani ba."

Ta bi mu ɗaya bayan ɗaya. Pak Ngadimin, da yake iya lissafa ranar da ta dace da auren jikan da ba a haifa ba, bai wuce kakansa ba. Ni ma na yi tari.

"Kun gani," in ji ta. "Mutanen nan sun yi noma, sun haifi iyayenmu, sun sha wahalar da ba mu sha ba, ga shi ko sunansu babu mai iya kira. Mu haka muke, sunanmu tare da mu ake binne shi. To, kai ka duba takardarka da kyau, Wagiman. A wane gida suka sa naka?"

"Na biyu."

"Na biyun nan shi ne wanda ba a binnewa a ƙasar nan. In Allah ya ba ka mata ya ba ka ɗa, da shi za a rubuta shi a makaranta. Ɗansa ma haka. Wata rana wata yarinya da ba ta jin ko kalma ɗaya ta harshenmu, wadda ba ta san inda Wonogiri yake ba, za ta sa hannu a takarda ta rubuta Wagiman, ko tana so ko ba ta so. Sunan da Sarkam ya zaɓa yana tsugune a ƙofar ɗaki. Shi ne kake cewa an ɓatar? Funun nan ɗan dako ne kawai, ya ɗauko maka kaya zuwa bakin ƙofa. Ba a zagin ɗan dako, kunu ake ba shi."

Wagiman ya zauna a hankali, ya jawo kwano ɗaya gabansa, ya daɗe yana kallo. Sannan ya fashe da kuka, kuka sosai irin na wanda ya tuna ubansa a ƙasar da ba wanda ya san uban. Mu ma idanunmu suka kawo ruwa, ba zan ɓoye maka ba.

Gunadi ne ya fara magana, da ƙaramar murya. "Bu, mu da muka zo da suna biyu fa? Ni na biyun nawa malamin firamare ne ya ƙara mini don rajista ta yi kyau."

"Kai sha kunu ka yi mana shiru."

Pak Ngadimin ya ɗaga hannu ya yi addu'a, ya roƙa wa Sarkam rahama, ya roƙa wa sunan albarka, muka shafa. Wagiman ya sha farin, ya sha jan. Ya nemi farin salatif da alƙalami, ya fita ya manna a jikin akwatin wasiƙu. Haruffan nan uku ya rubuta su ƙanana, sai ka matso za ka gani, Wagiman kuwa daga tsallaken titi ana karanta shi.

Ƙarfe goma sha biyu saura sai ga Mista Alvin. Bu Ngatiyem ta tare shi da kwano da cokali. Ya dubi akwatin, ya dubi taron da ya cika dakali, ya zaro ambulan ɗin.

"To, bari mu sake gwadawa. Kai ne Funu Wagiman?"

Wagiman ya share fuska da hannun riga. "Ni ne," in ji shi, ya miƙa hannu biyu ya karɓa.

Mista Alvin ya sha kunun yana tsaye, ya tambaya ko bikin haihuwa ake yi. Bu Ngatiyem ta ce masa kusan haka ne.

Mataki na 8: Ka haddace, ka ɓoye, ka tafi aiki

Abin da za ka tarar a cikin ambulan ɗin 'yar takarda ce shuɗiya mara kauri, wadda ko ruwan sama ba za ta jure ba. Kada ranka ya ɓaci. Ka haddace alƙaluman tara, ka sa ta a leda, ka ɓoye inda kai ma sai ka yi tunani kafin ka tuna. Kada ka karanta wa kowa a waya, ko da ya ce shi ne gwamnati.

Ranar Litinin ƙarfe shida Wagiman yana ƙofar wurin wanki. Misis Odessa ta kwafe lambar, ta mayar masa da katin, ta ce ya bi ta ta nuna masa inji. Bayan mako guda aka kawo masa rigar aiki. A can, sunan dangi suke ɗinkawa a ƙirji, don haka da jan zare aka rubuta Wagiman, ba ƙari. Ya ɗauki hoto ya aika wa Painem, can gidan da ke bayan injin casar shinkafa.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba lauya ba ne, ba ma'aikacin gwamnati ba ne, kuma bai ɗauki alhakin komai ba. In ka bi matakan nan katinka ya ɓata, ko aikinka ya tafi, ko aka laƙaba maka sunan da zai bi ka har kabari, tsakaninka da ƙaddararka ne. In ka ce eh inda ya kamata ka ce a'a, tarbiyyar gidanku ce. In ka ce a'a inda ya kamata ka ce eh, wannan kuma Amurka ce ta fara shigar ka, ba ruwana.

Wanda duk da haka ya ga sai ya kai ni ƙara, to ya rubuta sunana daidai yadda yake a katina, don kotu ba ta karɓar kuskure. Shekara ashirin da shida ina ɓoye katin nan a cikin gwangwanin biskit, ko Gunadi bai sani ba, kuma ni ba wanda ya dama mini kunu. Funu ne. Mu dubbai ne a ƙasar nan, sai ka zaɓi wanda za ka kama.

In ka rasa gane ni a cikinsu, ka je makarantar firamaren da ke bayan tashar bas ɗinmu da ƙarfe takwas na safe, ka tsaya a bakin aji na biyu. Za ka ji yara ashirin da bakwai, baƙaƙe da farare da 'yan Meziko, sun haɗa baki suna gaishe da Malama Tukijo. Ni ma nakan je in tsaya a wurin wani lokaci, in yi kamar bas nake jira. Ka bari a tashi tara, ka tambaye ta, za ta nuna maka gidan ubanta.